Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa: ciwon ƙahon zucin yaro da muke ta kira olsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma kwamishinoni, tare da shugabannin hukumomin kula da lafiya a matakin farko, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku. Ni tsohon malamin asibiti ne. Shekara 31 na yi ina duba marasa lafiya a ƙananan asibitocin karkara kafin in ajiye aiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuskure ne da na yi da hannuna a kan jikana, kuma na san ba ni kaɗai ke yin irinsa ba, domin yadda aka koya mini haka aka koya wa waɗanda na bari a bakin aiki.

Yaron shekararsa 9. Ranar wata Alhamis da la'asar ya ari keken ɗan maƙwabta, alhali uwarsa ta hana shi hawa. Ya afka wani rami, ƙafar gaba ta tsaya cak, kan keken ya juya ya soke shi a ƙahon zuci. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya dawo gida, bai faɗa wa kowa ba don tsoron bulala. Har tuwon dare ya ɗan taɓa. Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a amai ya fara, ga ciwon ciki daga saman cibiya. In an kwantar da shi rigingine sai ya yi ƙara, sai dai ya zauna ya duƙa ya rungume gwiwoyinsa. Aka aiko mini. Na danna cikin ta saman riga, na ce olsa ce, ai yaran yanzu ba sa cin abinci a kan kari, sai taliyar leda da yaji. Na rubuta maganin olsa aka sayo a kemis. Ranar Asabar jiki ya yi zafi, aka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka yi gwajin Widal, aka ce taifot ne, aka fara allura.

Sai ranar Litinin, da idanunsa suka zurma, fitsari ya ragu, muka ɗauke shi zuwa babban asibiti a birni. Likitar da ta karɓe mu sa'ar 'yata ta uku ce. Ta yi abin da ni ban yi ba, ta ɗaga rigar. Ga wani tabo nan zagayayye a ƙahon zuci, kamar an ɗora kwabo an danna. Ta dube shi ta ce, "Ƙanena, keke ka hau ko?" Sai ya fashe da kuka. Ta juyo gare ni ta ce, "Baba, a je a yi mana gwajin lipes yanzu, fankiriyas nake zargi." Gwajin kuwa, wanda ke auna wani sinadarin narkar da maiƙo da ke hawa a jini in fankiriyas ya kumbura, ba a yin sa a wurin a ranar, sai da na hau babur na kai jinin wani ɗakin gwaji na kuɗi a tsallaken gari. Sakamakon ya fito ya ninka iyakar lafiya sau da yawa.

Ranku ya daɗe, na san cikinku akwai likitocin da suka fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba, amma wasiƙar a buɗe take, iyaye ma za su karanta, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan yi bayani. Fankiriyas wani ɗan nama ne dogo, kwance a gicciye a bayan tumbi, ya jingina da ƙashin baya. Kansa yana cikin lanƙwasar farkon hanji, wutsiyarsa ta kai kusa da saifa. Mutane da yawa kan rikita shi da saifa, har a rediyo na sha jin haka, amma kowanne da aikinsa. Shi ne ke yin insulin mai daidaita sugan jini, shi ne kuma ke yin ruwan da ke narkar da maiƙo da nama da sitaci. Sinadaran da ke narkar da nama kuwa yana fitar da su ne kamar wuƙa a cikin kube, sai sun bi bututu sun isa hanji sannan a zare su. Bututun nasa da na matsarmama ƙofa ɗaya suke fita. In wani abu ya toshe ƙofar, ko ya murƙushe naman, ko ya sa masa guba, sai wuƙar ta fita daga kube tun tana ciki, ya shiga narkar da kansa. Wannan shi ne kumburin fankiriyas.

Me ya sa mutum kamata ya kasa tunaninsa? Domin a makaranta abu biyu aka ce mana suna kawo shi, giya da tsakuwar matsarmama, kuma hoton da aka zana mana na ƙaton mutum ne mashayi ko mace mai ƙiba da ta haura arba'in. Wannan gaskiya ne a kan manya. To yaro ɗan shekara tara a gidan da ba a taɓa ganin kwalbar giya ba, me zai haɗa shi da wannan babi? Sai muka rufe shafin. A iya tsawon aikina ban taɓa rubuta sunan cutar nan a rajista ba, ko sau ɗaya. A ƙasashen da ake gwadawa ana ƙirgawa, irin su Amurka, ana samun kusan yaro 1 cikin 10,000 a kowace shekara. Ku ɗauki yawan yaran jihar kowannenku ku yi lissafin da kanku, sannan ku tuna cewa akwai musabbabai a gidajenmu waɗanda su can sun daɗe da rabuwa da su.

In fara da wanda ya same mu. Cikin yaro ba shi da kaurin tsoka da kitsen da zai tare duka, fankiriyas kuma a kan ƙashin baya yake zaune, don haka in abu mai tsini ya daki ƙahon zuci, sai ya matse tsakanin abin da ƙashi. Kan keke shi ne sanannen mai laifi a duk duniya. A wajenmu sai ka ƙara da shurin jaki ko saniya, da faɗowa daga bishiyar mangwaro ko katanga, da hatsarin babur da adaidaita sahu. Mugun halin wannan rauni shi ne jinkiri. Yaro zai tashi ya ci gaba da wasa, sai bayan sa'o'i, wani lokaci kwana guda, ciwon ya bayyana, lokacin kowa ya manta da faɗuwar, in ma an sani. Akwai kuma abin da ba ma son faɗa: naushi ko shuri a ciki daga babba. In aka kawo ƙaramin yaro da wannan ciwo, labarin da aka bayar kuma bai hau ba, wajibi ne ma'aikaci ya duba sauran jikin ya yi tambaya cikin hikima, ko ɗan gida ne, ko ɗan riƙo, ko almajiri.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne na masu sikila. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa shi ne ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Jar ƙwayar jinin mai lafiya kan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Abin da ke fita daga fashewar nan, wanda ke sa idonsu ya yi ruwan ɗorawa, hanta ce ke tace shi ta zuba a matsarmama, a can ya taru ya daskare ya zama baƙar tsakuwa. Shi ya sa za ka samu ɗan firamare da tsakuwar da a wani gida sai kakarsa ce za ta yi ta, kuma yawan masu ita yana ƙaruwa da shekaru. Ƙaramar tsakuwa ita ce abin tsoro, don ita ke iya gangarowa ta bututu ta maƙale a ƙofar nan da suka haɗa da fankiriyas.

Yanzu ku duba abin da ke faruwa in uwa ta kawo mai sikila yana murƙususu. Kafin ta gama magana mun ce ciwonsa ne ya tashi. Ita ma haka ta ɗauka. A sa ƙarin ruwa, a yi allurar kashe zafi, in ya lafa a sallame shi. Sau da yawa mun yi daidai, ciwon nasa ne. Amma iyayen masu sikila sun san yadda ciwon ɗansu yake zuwa fiye da kowane littafi, kuma na sha jin uwa ta ce, "Malam, wannan karon ba irin wanda ya saba ba ne, ba ya kukan ƙashi, amai kawai yake yi." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da za a mayar da ni bakin aiki, duk ranar da na ji wannan magana takardar hoton ciki da ta lipes zan rubuta kafin in rubuta komai.

A nan akwai wani abu da ya kamata ya kai kunnen masu kemis da ƙananan asibitoci. Allurar seftiriyazon ta kashe ƙwayoyin cuta, wadda ta zama ruwan dare, kowane zazzaɓi ita, wani kasonta ta matsarmama yake fita, kuma takan yi laka a ciki, musamman in an ba yaro mai yawa, kwanaki a jere, alhali ba ya ci ba ya sha. Galibi lakar kan narke in an daina, amma an samu yaran da ta toshe musu bututu har fankiriyas ya kumbura. Magani ne mai ceton rai a inda ya dace. Ita aka yi ta ɗura wa jikana kwana biyu a kan taifot ɗin da ba shi da shi.

Sai macijin ciki. Ƙwansa yana cikin ƙasar da aka yi bahaya a kai, yaro ya ɗauka a hannu ko a ganyen da ba a wanke ba, ya girma a hanji har ya kai tsawon santimita 35. Halinsa ne neman rami, in ya samu ƙofa sai ya kutsa, kuma ƙofar matsarmama da fankiriyas tana nan a bangon hanji tana jiransa. Likitocin Kashmir a Indiya sun daɗe da nuna cewa a yankinsu wannan tsutsa tana cikin manyan abubuwan da ke kawo kumburin fankiriyas, har a na'urar hoton ciki ana ganin ta kamar doguwar igiya tana motsi a cikin bututu. Duk uwar da ta taɓa ganin ɗanta ya amayo macijin ciki ta san abin ba labarin Indiya ba ne kaɗai. Maganinsa kuwa ƙwaya ɗaya ce ta albendazol mai miligiram 400, rabinta ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba yara gaba ɗaya sau ɗaya a shekara a inda masu tsutsar suka kai 20 cikin 100, sau biyu in sun haura 50. Muna rabawa a makon lafiyar uwa da yara ga 'yan ƙasa da shekara biyar, ana kuma rabawa a makarantun boko. To wa ya rage? Almajiri, da mai talla, da ɗan rugar da ke bin shanu, wato waɗanda suka fi kowa cin abinci a ƙasa da hannun da bai ga sabulu ba. Na taɓa raba maganin nan a wata tsangaya da izinin alaramma, cikin rabin sa'a muka gama, har ya ce in dawo bayan damina. Ban ga abin da zai hana a mayar da wannan tsari ba.

Hangum kuma mun ɗauke shi ciwon dariya, kumatu su kumbura, yara su yi ta tsokana, bayan mako ya sauka. Ƙwayar cutar ba a kumatu kaɗai take tsayawa ba, takan taɓa 'ya'yan maraina, ta taɓa rigar ƙwaƙwalwa, ta kashe kunne, a wasu yaran kuma ta sauka a fankiriyas, sai ka ga ciwon ciki da amai kwanaki kaɗan bayan kumburin. Ƙasashen da suka sa rigakafinsa cikin alluran yara sun kusa mantawa da wannan sanadi. Jadawalin rigakafin gwamnati a Najeriya yana da ta ƙyanda, an kuma shigo da ta rubela a 2025, amma babu ta hangum, sai mai hali ya saya a asibitin kuɗi. Na san wannan hukunci daga Abuja yake fitowa, amma kuna da kujera a majalisar lafiya ta ƙasa, kuna da baki. Ga kuma tarko ga mai gwaji: amiles, wani sinadarin fankiriyas ɗin da gwajinsa ne aka fi samu a wurarenmu, ƙullutun yawu ma suna fitar da shi, don haka a mai hangum zai hau ko fankiriyas lafiya lau yake. Lipes ne zai raba gardama.

Magunguna ma suna da nasu kason, kuma a asibitocin yara na ƙasashen waje suna sahun gaba. Wanda ya fi shafarmu shi ne maganin farfaɗiya sodiyam balfurowet, wanda iyaye suka fi sani da Epilim. Magani ne mai kyau, ya mayar da yara da yawa makaranta. Amma tun shekarar 2000 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a takardarsa kan kumburin fankiriyas, wanda ya fi zuwa a shekarar farko ta fara sha, ko da yake yakan zo bayan shekaru. Uwa nawa aka taɓa gaya wa, ranar da aka miƙa mata maganin, cewa in yaro ya fara ciwon ciki da amai ta dawo da shi a ranar? Ba cewa nake iyaye su yanke maganin da kansu ba, yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Likita ne zai canja shi da wani, kuma wanda ya taɓa samun kumburin a kansa ba a sake mayar masa da shi. Akwai asfarajines da ake yi wa masu sankarar jini, su dai suna hannun ƙwararru. Akwai kuma dangin firednisolon da deksa, da ake lissafawa cikin waɗanda ake zargi, ga su a kan teburin kowane kemis, 'yan mata na haɗiya don su yi ƙiba.

Fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona, waɗanda muke ɗurawa a robar lemo mu ajiye a ƙarƙashin gado, in yaro ya sha suna sa duk wani mai fitar da ruwa a jiki ya yi ta tsiyaya, yawu, hawaye, majina, har da fankiriyas, ƙofarsa kuma ta ɗaure. Dafin wasu kunamu ma haka yake yi. Wani likita, Courtenay Bartholomew, ya rubuta wannan a 1970 a kan kunamar tsibirin Tirinidad, an kuma gan shi daga baya a yaran da rawayar kunamar hamada ta harba. Sannan duk ciwon da ya kayar da yaro warwas, guba a jini, sugan da ya hau har numfashi ya canja, ciwon hanta mai shawara, har shi taifot ɗin na gaskiya, yana iya jan fankiriyas ya shiga ciki.

Yawancin yara sau ɗaya suke yi su warke sarai. Amma tsakanin 15 zuwa 35 cikin 100 yakan dawo musu, kuma ruwa ba ya tsami banza. A irin waɗannan ake neman abin da aka haifi yaro da shi: bututun fankiriyas da bai haɗe yadda ya kamata ba tun a ciki, ko bututun matsarmama da ya buɗe ya yi jaka, ko gado. A 1996 David Whitcomb da abokan aikinsa a Pittsburgh suka gano canji a ƙwayar halittar PRSS1 a dangin da ciwon ke bin su kaka da jika, irin wanda uba ɗaya ko uwa ɗaya ta isa ta gadar. Akwai kuma wani gado na maiƙon jini, wanda sai yaro ya karɓa daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi fitowa a inda auren zumunci ya yi yawa. Maiƙon in ya haura 1,000 a ma'aunin gwaji yana tayar da fankiriyas, kuma mai ɗibar jini zai iya gani da idonsa, jinin in ya kwanta a kwalba sai samansa ya yi fari kamar an zuba madara. Tambaya ɗaya, "akwai mai irin wannan ciwo a dangi?", ba ta cin ko sisi. Bayan duk wannan akwai kason da za a bincika a rasa dalili, ko a manyan asibitocin Turai.

Abin da ya ba ni kunya da na koma karatu bayan an sallame mu shi ne ashe ƙasar nan tana cikin wuraren da aka fara bayyana wani nau'in ciwon. A 1969 likitoci a asibitin koyarwa na Ibadan suka wallafa bayanin marasa lafiya 45 da fankiriyas ɗinsu ya cika da tsakuwa. An ga irinsa a Yuganda a 1960, an gan shi da yawa a jihar Kerala ta Indiya, likitocin Inugu ma sun yi rubutu a kansa a 1980. Tafiyarsa kusan iri ɗaya ce: ciwon ciki mai zuwa yana tafiya tun ana yaro, a gidan da abinci bai wadata ba, sai ciwon suga a lokacin balaga, ga rama, ga bahaya mai maiƙo da ke tasowa a kan ruwa. An daɗe ana ɗora laifin a kan rogo, daga baya binciken bai tabbatar da hakan ba, aka kuma gano cewa da yawa daga masu shi a Indiya suna ɗauke da canji a ƙwayar halittar SPINK1. Na tuna samari ramammu da na sa wa insulin a ƙauye, ban taɓa tambayar ko ɗayansu ko ya yi fama da ciwon ciki yana yaro ba. Tsakuwar nan kuwa hoton ƙashi na yau da kullum, irin wanda ake ɗauka in an karye, yakan nuna ta.

To, ranku ya daɗe, ga abin da nake roƙo. Ƙa'idar gane cutar a yara, wadda ƙwararru na ƙasashe daban-daban suka daidaita a kai a 2012, abu biyu ne cikin uku: ciwon ciki irin nata, ko lipes ko amiles da ya ninka iyakar lafiya sau uku, ko alama a hoton ciki. Na farkon kunne da hannu ne. Na biyun kuwa injin da ke gwada aikin ƙoda da hanta a manyan asibitocinku shi ne dai zai yi shi, ruwan gwajin kawai za a saya. Ku sa lipes cikin jerin abin da dole a samu a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma. Ya fi amiles amfani a wajenmu saboda dalili guda da duk ma'aikacin karkara ya sani: ba a kawo mana yaro da wuri. Amiles kan sauka cikin kwana 3 zuwa 5, lipes kuwa yakan kai mako ɗaya zuwa biyu a sama. Jikana a kwana na huɗu aka ɗebi jininsa. Na'urorin hoton ciki kuma da aka saya don awon masu juna biyu, a horar da masu riƙe da su su iya duba matsarmama da bututunta, a kuma ba masu sikila damar wannan hoto ba sai sun sayar da akuya ba.

Kwalejojin koyon aikin lafiya da na jinya na jihohi a hannunku suke. Ba sabon kwas nake nema ba. A koya wa ɗalibi cewa yaron da ya zo da ciwon saman cibiya da aman da ya ƙi tsayawa, a cire masa riga a duba, a tambaye shi faɗuwa ko duka ba a gaban wanda yake tsoro ba, a tambayi sikila, da maganin da yake sha kullum, da hangum a gida ko a unguwa, da tsutsa a bahaya ko amai. A gaya masa cewa ciwon da ke ratsawa zuwa baya, wanda littafi ya nanata, yara da yawa ba sa faɗarsa, ƙanana ma kuka ne kawai da kumburin ciki da ƙin nono. A kuma rage masa imani da Widal. Gwaji ne da ke nuna alama a jinin yaran da suka taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya, ko masu zazzaɓin cizon sauro, amma mun mayar da shi alƙali, da zarar ya yi magana sai a daina tunani.

Jinyar ma ta canja daga yadda muka taso muka gani. Jagorar da ƙungiyar likitocin ciki da hanta na yara ta Arewacin Amurka ta fitar a 2018 ta tsaya a kan ƙarin ruwa isasshe tun a kwanan farko, da kashe zafi da gaske ko da mofin ne, da mayar da yaro kan abinci cikin kwana biyu zuwa uku in ya iya, maimakon a bar shi da yunwa mako guda kamar da. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba a ba da shi sai da shaidar cewa ƙwayar ta shiga. Ku duba ku gani, babu abin da ya fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma a nan, in dai akwai ruwan ƙari na Ringa a sito, akwai mofin a kabad, akwai wanda zai auna fitsari ya san lokacin da za a tura yaro gaba. Sannan a buɗe wa cutar gurbi a rahoton wata-wata, tare da sanadinta in an gano, don shekara mai zuwa in kun zauna kasafi ku san ko tsutsa ce ta fi yi mana ɓarna ko tsakuwa.

Jikana ya yi kwana 11 a kwance. Allah ya taimake mu bututun bai tsinke ba, ba a kai ga tiyata ba. Likitar ta ce mu dawo bayan mako shida a sake hoto, domin bayan irin wannan rauni ruwa kan taru ya yi jaka a bayan tumbi, kuma sai bayan makonni take bayyana. Mun koma, babu komai, alhamdu lillahi. Da muka dawo gida na je na duba keken maƙwabcin. Robar hannun ta daɗe da cirewa, bakin ƙarfen a buɗe yake, zagayensa daidai da tabon. Na tura shi wajen mai gyara aka sa sabuwa. Kwalbar maganin olsar da na rubuta kuwa tana nan a kan kabad ɗin uwar yaron, an sha kwata. Surukata ce, ba za ta ce mini komai ba, amma ba ta zubar da ita ba, kuma duk ranar da na shiga gaishe su a nan nake ganinta.

Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin asibiti, kakan yaron.